Yadda Kawu Ya Kalli Damben Agege Daga Kan Gadonsa

Akwai wata ranar Lahadi a Agege da na tabbata har tsufana ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, na yi aure, na yi aiki a ofisoshi masu sanyi da kujeru masu juyi, amma ko daga nesa na jiyo kiɗan dambe sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai, har maigidana ya tambaye ni ko lafiya.

Ni haifaffiyar Agege ce, 'yar gidan mahauta. Babanmu ya rasu ina ƙarama, Yayana ya gaji sana'ar a mayankar Oko-Oba, ni kuma aka bar ni na yi karatun kwamfuta. Shi ya sa duk gidan suke kirana Injiniya, rabi yabo rabi tsokana. Inda mahauta suke kuwa ba a rasa dambe. Kowace Lahadi bayan la'asar ana taruwa a wani fili kusa da layin dogo, Yaya yana cikin masu shirya wasan, shi ne ma ya fara ɗaga waya yana watsa shi kai tsaye a intanet saboda 'yan uwa na arewa da na Nijar. Hoton wayar nan sai addu'a. Hannu na rawa, kawunan mutane sun tare komai, mai kallo ba ya gane wanda ya kai naushi da wanda ya sha.

Ni kuma lokacin na gama makaranta, kaina ya cika da iska. Na ce wa Yaya ya bar min wannan aikin, zan yi musu irin na talbijin: kyamara biyu, da maimaici a hankali idan an yi kisa. Kisa a dambe, ga wanda bai sani ba, shi ne a kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa. Yaya ya kai maganar gaban dattawa, suka amince, muka samo kyamarori biyu na hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da wani ɗan akwati da ke haɗa su da kwamfuta.

A nan na fara cin karo. Manhajar da ke sarrafa akwatin nan tsohuwa ce, wani irin tsari daban take bi, ba irin na kwamfutata ba. Kayan watsawa da na maimaici kuma duk a kan tsarin kwamfutata na haɗa su. Kwamfuta biyu aikin yake so, ni kuwa ɗaya gare ni, babu halin ta biyu. Sai na yi abin da aka koya mana a makaranta, na gina wata kwamfutar a cikin tawa. Ba ta ƙarfe ba ce, ta manhaja ce, amma ita a ganinta cikakkiyar kwamfuta ce mai zaman kanta, ba ta ma san a cikin wata take ba. Mu a sana'armu baƙuwa muke ce mata, ta ainihin kuma mai masauki. Baƙuwa ta karɓi hoto daga kyamarori, ta miƙa wa mai masauki, mai masauki ta watsa wa duniya. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Lahadin farko da muka gwada, na sha kunyar da har yau idan na tuna sai na rufe fuska. Hoto ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar danfo, motar hayar Legas, a gosulo. Ɗan dambe zai ɗaga hannu, sai ya daskare a haka, can sai ka gan shi a wani gefen fili yana shan ruwa. Da aka yi kisan da ya fi kowanne kyau a ranar, masu kallo sun ga mutum biyu a tsaye, sai kuma suka ga ɗaya ana masa fifita a ƙasa. Abin da ya faru a tsakani, oho. Wani daga Maraɗi ya rubuto yana tambaya ko aljanu ne suka kayar da shi. Kwamfutar kuwa ta yi zafi har ina jin za a iya gasa tsire a kanta.

Ɗan kawuna, wanda yake taubashina kuma ɗan dambe ne a ɓangarenmu, ya zo gida washegari musamman don ya tsokane ni. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hannu ɗaya sama ya ƙame, ido a zare, ya ƙi motsi. Mama ta ce masa lafiya? Ya ce, “Gwaggo, talbijin ɗin Injiniya nake yi.” Har maƙwabtanmu Yarabawa sai da suka fito suna dariya.

Da a ce tsokanar ce kawai, da da sauƙi. A makon nan aka sanar cewa an haɗa taubashin nawa da wani shahararren ɗan dambe na ɗaya ɓangaren, Lahadi mai zuwa. Shi ne babban wasansa na farko a Legas. Mahaifinsa, wato Kawu, yayan Mama, tsohon ɗan dambe ne da ya yi tashe a zamaninsa, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a ƙauyenmu can arewa. Ba ya iya tafiya, maganarsa ma da ƙyar ake ganewa, kuma bai taɓa ganin ɗansa a fage ba tun da yaron ya zama mutum. Ina zaune na ji Mama tana ce masa a waya, “Yaya, ka kwantar da hankalinka, za ka gani kamar kana wurin. Auta ce ke yin abin, ta iya.” Ta ajiye wayar ta dube ni, ta ce, “Ko ba ki iya ba?” Na ce na iya.

Na yi ta fama. Na rage girman hoto, ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwa, bai kuma daina tsayawa ba. Na cire kyamara ɗaya, ya ɗan yi dama, amma ai kyamara biyu na yi alkawari. Ni dai a raina na riga na yanke cewa kwamfutar ce ba ta da ƙarfi. Da na rasa yadda zan yi, sai na hau danfo na tafi wurin wata ƙawata Bayarabiya da muka yi makaranta tare, tana aiki a wani kamfani da ke kula da manyan kwamfutoci. Niyyata in roƙe ta ta aro min wata na'urar. Muka zauna a wurin mai abinci lokacin hutun rana, ina ta zuba mata ƙorafi da Yarabanci da gurgun Turanci, tana cin amala tana saurare. Can ta ce, “Tsaya, ƙawata. Ta ina baƙuwar take miƙa hoton?” Na ce ta hanyar sadarwar da ke tsakaninsu, kamar yadda kwamfuta biyu ke aika wa juna saƙo. Ta ajiye lomarta. “Ba a cikin ƙarfe ɗaya suke ba?” Na ce eh. “Ba ƙwaƙwalwa ɗaya suke ci ba?” Na ce eh. Ta ce, “To me ya sa kike ɗaure hoton kamar kayan da za a loda a tirela zuwa Apapa?”

Sai abin ya fara buɗe min. Kowane hoto ɗaya da kyamara ta ɗauka, baƙuwa tana ajiye shi a nata ɓangaren ƙwaƙwalwar, ta kwafe shi don ta yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, a sake kwafewa don a tsallakar da shi ta wata igiyar sadarwa da ba ta ma wanzu a zahiri, mai masauki ta kwafa ta karɓa, ta sake kwafewa ta miƙa wa manhajar watsawa. Kyamara biyu, kowace tana zubo hotuna rututu cikin daƙiƙa guda. Ashe kwamfutata ba raguwa ba ce. Na sa ta dako ne daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin gida ɗaya, idan kayan suka yi mata yawa sai ta zubar da wasu a hanya. Waɗanda ta zubar ɗin nan su ne naushin da ba a gani.

Ƙawata ta ce akwai hanyar da ake ware wani yanki na ƙwaƙwalwa, a buɗe wa baƙuwa ƙofa gare shi, a buɗe wa mai masauki. Baƙuwa ta ajiye hoton a nan sau ɗaya, mai masauki ta karanta shi a inda yake, ba tare da an ɗaga shi ba. Abin da zai wuce tsakaninsu kawai ɗan saƙo ne cewa ga shi nan na ajiye. Babu kwafi ko ɗaya. Ta ce ita ma ba ta taɓa yi da hoton kyamara ba, a wurin aiki ta ga ana yi da wasu bayanan, sauran sai in je in karanta. Ban san lokacin da na rungume ta ba, har miya ta ɓata min mayafi. A danfo ina dawowa ina ta magana ni kaɗai, kwandasta ya yi ta kallona, har na wuce tasharmu sai da na hau keke mai ƙafa uku na dawo baya.

Kwanakin da suka biyo baya ban san abin da na ci ba, Mama dai tana turo min burodi da wake. Na karanta, na gwada, na ɓata, na sake. Sai da na rubuta 'yar manhaja a ɓangaren baƙuwa, na rubuta wata a ɓangaren mai masauki. Da na ga alamar abin zai yi, na tare Yaya ya dawo daga mayanka da rana, ko wanka bai yi ba, na ce ya tsaya gaban kyamara ya yi naushin iska. Ya naɗe hannun riga ya fara. Hoto ya fito da gudu, babu tsayawa, na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga abin da ya fito. Kan Yaya yana hagu, gangar jikinsa tana dama, ƙafafunsa sun yi wani wurin. Mama ta leƙo ta bayana, ta ja da baya tana salati. “Auta, me kika yi wa ɗan'uwanki?” Yaya ya zagayo ya ga kansa a rarrabe, ya ce, “Kai, ko ni da nake fiɗa ban taɓa yi wa sa irin wannan ba.” Na yi dariya har na zame daga kan kujera.

Dalilin bai da wuya. Tunda wuri ɗaya suke amfani da shi, mai masauki tana karantawa tun baƙuwa ba ta gama rubutawa ba, sai ta ɗauki rabin sabon hoto da rabin tsoho. Na raba yankin gurbi-gurbi, na sa musu doka: gurbin da ake rubutawa ba a karanta shi, wanda ake karantawa ba a taɓa shi, sai an ce an gama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka sake gwadawa. Yaya ya kai naushi, na allo ma ya kai, lokaci ɗaya, kansa a kan wuyansa. Ya yi tsalle, na allo ya yi. Na kunna kyamara ta biyu, babu abin da ya girgiza. Na ɗora tafina a kan kwamfutar, ɗumi kawai. Wallahi rawa na tashi na yi a tsakar gida, babu kiɗa, Mama tana cewa in ji kunya ni ba yarinya ba ce, ita ma tana dariya.

Ranar Lahadi wani tela da shagonsa ke bakin fili ya ba ni wuri. Muka ɗaure kyamara ɗaya a kan rufin shagon, ɗaya kuma a kafaɗar Yaya da doguwar igiya, janareto yana ta ƙara a baya. Mama, wadda tun da aka haife ni ban taɓa ganinta kusa da filin dambe ba, sai ga ta da hijabinta wai ta kawo min abinci. Ta samu benci ta zauna ta ƙi tashi. Ta kira ƙauye ta bar wayar a buɗe, matar Kawu ta ce sun jingina shi da matashi, an kafa masa babbar waya a gabansa, ɗakin ya cika har taga.

Aka yi ƙananan wasanni, hoto yana tafiya sumul. Saƙonni suka fara shigowa, masu tsokanar makon jiya suna tambaya ko an canza mai aikin ne. Sai makaɗa suka canza kiɗa, taubashina ya shigo da hannunsa ɗaure da zare, abokin karawarsa ya shigo, wani dogo mai faɗin ƙirji. Turmin farko suka yi ta auna juna, babu kisa. A turmi na biyu taubashina ya shammace shi ya kai masa wani naushi a muƙamuƙi. Dogon ya yi tangal-tangal, ya durƙusa, ya miƙe. Mutanenmu suka ɓarke da ihu suka afka fili wai an yi kisa. Ɗaya ɓangaren suka ce ƙarya ne, bai taɓa ƙasa ba. Alƙalin wasa ya ce jikin wani ya tare masa. Nan take wuri ya fara zafi, ka san kuwa taron mahauta idan rai ya ɓaci ba abin wasa ba ne.

Sai na ga sarkin damben, wani dattijo mai jan gemu, ya nufo shagon tare da babban ɗaya ɓangaren, Yaya yana biye da su. Dattijon ya ce, “'Yata, an ce na'urarki tana maido da abin da ya wuce.” Na ce, “Eh, Baba.” Na mayar da hoton baya, na sa shi yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, masu kallo a intanet ma suna gani. Ga naushi ya sauka. Ga gumi ya fantsama. Ga gwiwa tana sauka, tana sauka, har ta kusa yashi. Babu hoto ɗaya da ya ɓace, duk suna nan a jere. Gwiwar ta tsaya, akwai haske siriri tsakaninta da ƙasa, kamar kaurin yatsa, hannunsa ma a sama yake. Sannan ta fara komawa. Bai taɓa ba.

Yaya ya harare ni kamar ni na riƙe gwiwar. “Injiniya, sake dubawa dai.” Kafin in ba shi amsa, sai wata murya mai nauyi ta fito daga wayar da ke hannun Mama, kalma ɗaya-ɗaya, harshe na jan ƙasa. “Bai taɓa ba. Na gani da idona. Ku koma fili.” Dattijon ya ce wa ke magana? Mama ta faɗi sunan da aka san Kawu da shi a fage. Dattijon ya dafe ƙirji. Ashe sun taɓa karawa suna samari. Ya karɓi wayar hannu biyu yana cewa, “Kai ne? Kana raye? Uban yaro ya ce ba a yi kisa ba, to wa zai ce an yi?” Babban ɗaya ɓangaren ya yi dariya ya miƙa wa Yaya hannu. Suna fita dattijon ya raɗa wa makaɗa wani abu, sai ga tsohon taken Kawu ya tashi a filin Agege, wanda aka yi shekaru ba a kaɗa ba. Mama ta ja hijabi ta rufe fuska.

Turmi na uku bai daɗe ba. Ban sani ba ko taken ubansa ne ya shige shi, taubashina dai ya sunkuya ya kauce wa wani naushi, ya taso da nasa daga ƙasa. Dogon ya tafi da baya ya zauna daɓas, ƙura ta tashi. Wannan ko makaho ya ji. Yayana, babban mai ɗaukar hotonmu, ya yi jifa da kyamara a kan wani buhu ya ruga fili da gudu, duniya ta yi ta kallon ƙafafu da silifa suna wucewa, tar da su, babu tsayawa. Allah ya taimake ni kyamarar kan rufi ta ɗauki komai, na juya kanta da sauri. Ni ma ihu nake yi, tela yana buga almakashi a kan tebur, Mama tana ta hamdala.

Hoto yakan ɗan daɗe a hanya kafin ya isa ƙauye, wannan aikin intanet ne, ba nawa ba. Saboda haka ihunmu ya fara lafawa ke nan sai wani sabo ya fashe daga cikin wayar Mama, na mata da yara da guɗa, a ƙarƙashinsa kuma wata dariya mai kauri da ta ƙi tsayawa. Mama ta ce rabon da ta ji dariyar yayanta tun kafin ciwon. Muka sake tashi da namu ihun kamar yanzu aka yi kisan. Matar Kawu ta ce wai ya ce a maimaita masa. Na maimaita. Ya ce a sake. Na sake, a hankali, daga sunkuyawa har zuwa zaman daɓas. Har aka kira magariba yana cewa a ƙara ɗaya.

Daga baya an ba ni shi a waya. Na matsa ta a kunne don in gane abin da yake faɗi. Ya ce, “Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Amma ki gaya wa yaron nan yana sakin hannun hagu.” Kawu ya ƙara wasu shekaru a duniya, kuma babu Lahadin da ba a jingina shi ba, yana kallo yana aiko wa 'yan damben Legas da gyara.

Abin da ranar nan ta koya min har yau da shi nake cin abinci. Na tafi neman na'urar da ta fi tawa ƙarfi, alhali tawa ta isa, wahalar banza na ɗora mata ban sani ba. Tun daga nan, idan aiki ya yi nauyi, a kwamfuta ne ko a gida, ba na fara cewa ƙarfi ne ya gaza. Nakan zauna in bi shi daga farko zuwa ƙarshe, in ga a ina ake maimaita abin da an riga an yi, kuma ba na jin nauyin zuwa in faɗa wa wanda ya fi ni sani cewa na rasa gane kansa. Sau da yawa maganin ba ƙari ba ne, ragi ne, kuma yana nan kusa, sai dai mutum ya yarda ya sake dubawa.